Yadda Ake Gano Tsofaffin Ƙwayoyin Halitta a Ɗakin Gwaji da Rinin X-gal

Ƙwayar halittar da ta tsufa ba matacciya ba ce. Tana cin abinci, tana fitar da sinadarai, takan ma fi 'yan'uwanta girma, sai dai ta daina rabuwa har abada. Leonard Hayflick da Paul Moorhead ne suka fara nuna haka a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta Amurka a 1961, lokacin da suka ga ƙwayoyin faiburobulas na ɗan Adam, masu samar da zaren da ke riƙe nama, suna ninkuwa kusan sau 50 a faranti sannan su tsaya cak. Daga baya aka gane cewa gajarcewar telomiya, wato bakin zaren gado da ke raguwa a kowace rabuwa, ita ce ke jawo wannan tsayawar, kuma ba ita kaɗai ba. Lalacewar DNA, hasken radiyeshan, magungunan daji, da farkawar ƙwayar gadon da ke haddasa ciwon daji duk suna tura ƙwaya cikin wannan hali.

Tsayawar kanta kariya ce. Tawadar Allah da ke fatar mutum misali ce mai kyau: ƙwayoyinta sau da yawa suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna BRAF, irin wadda ake samu a ciwon dajin fata, amma sun tsufa sun tsaya, shi ya sa takan shekara da shekaru ba ta ƙaru ba. Matsalar tana zuwa ne idan tsofaffin ƙwayoyin suka taru garkuwar jiki ba ta kwashe su ba. Suna fitar da sinadaran kumburi IL-6 da IL-8 da inzayim masu narkar da naman da ke kewaye, su hura kumburi marar yankewa, su ɓata lafiyayyun maƙwabtansu. An same su a gwiwa mai amosanin gaɓɓai, a huhu mai tabo, a bangon jijiyar jini mai kitse, da a kitsen masu ciwon suga. A 2011 Darren Baker da Jan van Deursen na Mayo Clinic suka kashe ƙwayoyi masu ɗauke da p16, sunadarin da ke hana ƙwaya rabuwa, a jikin ɓeraye masu saurin tsufa, sai yanar ido da zubewar tsoka suka jinkirta. Tun daga nan kowa ke son ya auna tsofaffin ƙwayoyi a aikinsa, kuma gwajin da aka fi kamawa shi ne rinin X-gal da Goberdhan Dimri da Judith Campisi suka wallafa a 1995, wanda ke mayar da tsofaffin ƙwayoyi shuɗi.

Gwajin yana da arha, ba ya buƙatar na'ura mai tsada, madubin likita na yau da kullum ya wadatar. Amma yana da saurin yaudara, kuma shuɗin da aka gani a faranti shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da rinin ke aunawa

A cikin kowace ƙwaya akwai ƙananan jakunkuna masu tsami da ake kira laisosom, inda ake narkar da shara. Cikinsu akwai inzayim mai suna beta-galaktosides, wanda ya fi aiki a pH 4 zuwa 4.5 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba na nufin tsami mai yawa). Idan ƙwaya ta tsufa jakunkunan nan suna ƙaruwa sosai, inzayim ɗin ya yi yawa har a iya ganin aikinsa a pH 6.0, inda bai cika ƙarfi ba. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Ana ajiye ruwan rini a pH ɗin da bai dace da inzayim ɗin ba, don ƙwayar da ta tara shi da yawa kaɗai ta iya yin launi.

X-gal, sinadarin da ake zubawa a ruwan rinin, ba shi da launi. Inzayim ɗin yana yanke sukarin da ke jikinsa, ragowar ta haɗu bibbiyu ta zama shuɗin garin da ba ya narkewa, ya kwanta inda aka yi yankan. Garin ɗan gidan baba ne, wato shunin rini, a sinadarance, kuma kamar zanen da ake tsamowa daga karofin Ƙofar Mata sai iska ta buge shi yake komawa shuɗi, shi ma sai an zare masa lantarki launin ke fitowa. Wannan aikin ne gishirin ferosayanaid da ferisayanaid ke yi a cikin haɗin.

A 2006 aka tabbatar cewa inzayim ɗin ba wani na musamman ba ne na tsufa, na laisosom ne da ƙwayar gado GLB1 ke samarwa. Ƙwayoyin masu cutar gado ta GM1, waɗanda GLB1 ɗinsu ya lalace, suna tsufa sarai ba tare da sun yi shuɗi ba. Duk abin da ya kumbura laisosom zai ba da launi ko da ƙwayar ba ta tsufa ba.

Shirya ƙwayoyi, da gurabun kwatance

Kafin a taɓa kwalbar rini, a tanadi rukuni uku na kwatance ban da samfurin da ake bincike. Wanda ya tsallake wannan matakin ya ɓata sinadaransa a banza.

Na farko, matasan ƙwayoyi masu rabuwa: nau'o'in faiburobulas irin IMR-90, WI-38 ko BJ da ba su yi nisa da ninkuwa ba. A riƙa rubuta adadin ninkuwa a kowane canjin faranti, ba adadin canjin kaɗai ba. Lissafin shi ne 3.32 sau log na adadin da aka girba bisa adadin da aka shuka. Idan an shuka 250,000 aka girba miliyan 1, an ninka sau 2.

Na biyu, ƙwayoyin da aka tsufar da gangan. Hanya mafi sauƙi ita ce maganin daji doksorubisin nanomola 250 na awa 24, a wanke da PBS, ruwan gishirin wanke ƙwayoyi, sau biyu, a zuba sabon ruwan kiwo, a riƙa canza shi duk kwana 2 zuwa 3, a jira kwana 10. Inda akwai na'urar haska radiyeshan, gire 10 (gire ma'aunin radiyeshan ne) sau ɗaya yana yin aikin, da jiran kwana 10 shi ma. Jiran nan ba ya gajartuwa. A rana ta biyu ko ta uku ƙwayar tana cikin gigitar lalacewar DNA ne kawai, wasu za su gyaru su ci gaba da rabuwa, wasu za su mutu. Cikakken halin tsufa, har da fitar da sinadaran kumburi, sai bayan mako guda yake zaunawa. Doksorubisin guba ne, a sa safar hannu, kuma ruwan da aka zuƙe daga farantin a tara shi daban.

Na uku, ƙwayoyin da suka huta ba tare da sun tsufa ba. A rage musu siram, ruwan jinin da ake ƙarawa a ruwan kiwo, zuwa kashi 0.2 cikin 100 na awa 48 zuwa 72. Su ma sun daina rabuwa, amma da an mayar musu da siram kashi 10 za su farka. Wannan rukunin ne ke raba hutu da tsufa.

Kwana 1 ko 2 kafin rini, a shuka kowane rukuni a faranti mai gurbi 6, ƙwayoyi 30,000 zuwa 50,000 a kowane gurbi, yadda ranar rini ba za su rufe fiye da rabin ƙasan gurbin ba. Cunkoso shi ne babban mai kawo shuɗin ƙarya. Matasan ƙwayoyin da suka cika faranti suka matsu da juna suna yin launi, kuma tun a takardar 1995 an ambaci haka. Tsofaffi sun fi faɗi, saboda haka a rage nasu adadin kaɗan don cikar ta zo daidai da ta sauran. A kuma tabbatar babu maikofilasma, wata ƙaramar bakteriya, a kiwon, domin tana gajiyar da ƙwayoyi ta rage musu rabuwa, sakamakon ya rikice.

Haɗa sinadarai

Ruwan ajiya da za a tanada tun da wuri:

Sitirik asid mola 0.1: giram 2.10 na mai ɗauke da ruwa ɗaya a cikin mililita 100.
Na2HPO4 mola 0.2: giram 2.84 na busasshe a cikin mililita 100.
Bafa, haɗin da ke riƙe pH kada ya sauya: mililita 36.85 na sitirik asid da mililita 63.15 na Na2HPO4. A auna, ya zama pH 6.0.
K4Fe(CN)6 milimola 100: giram 0.42 na mai ruwa uku a cikin mililita 10.
K3Fe(CN)6 milimola 100: giram 0.33 a cikin mililita 10.
NaCl mola 5: giram 29.2 a cikin mililita 100.
MgCl2 mola 1: giram 20.3 na mai ruwa shida a cikin mililita 100.
X-gal: miligiram 20 a kowace mililita ta DMF, ruwan da ake narkar da shi a ciki.

A duba jikin kwalbar kowane gishiri kafin a auna. Na2HPO4 yana zuwa busasshe, yana zuwa mai ruwa 2, 7 ko 12, kuma nauyinsu ya bambanta ƙwarai. Wanda ya auna giram 2.84 na mai ruwa 12 ya zuba ƙasa da rabin abin da ake buƙata, bafarsa za ta faɗi can ƙasa da 6.0, kowace ƙwaya ta yi shuɗi.

Gishirin sayanaid guda biyun a naɗe kwalabensu da takardar aluminiyam a sa a firij, haske yana lalata su. Kada a bari su haɗu da asid mai ƙarfi, don suna iya sakin iskar sayanaid. DMF yana cin robar folistairin, saboda haka a narkar da X-gal a kwalbar gilashi ko bututun folifurofilin, a rarraba ƙanana, a ajiye a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili cikin duhu. Idan ruwan ya koma ruwan hoda ko rawaya mai duhu, a zubar.

Ruwan rini ana haɗa shi ne a ranar da za a yi aiki. Don mililita 20:

ruwa tsarkakakke, mililita 12.36
bafa, mililita 4
K4Fe(CN)6, mililita 1
K3Fe(CN)6, mililita 1
NaCl, mililita 0.6
MgCl2, mililita 0.04
X-gal, mililita 1

X-gal ne na ƙarshe. A ɗumama sauran haɗin zuwa digiri 37 tukuna, sannan a ɗiga shi ana kaɗawa. In aka zuba shi cikin ruwa mai sanyi yakan dunƙule ya zama ƙanƙara masu kama da allura, su kwanta kan ƙwayoyi su hana ƙirga.

Sai batun pH, wanda kusan duk nasarar gwajin ta rataya a kansa. A daidaita na'urar awo a ranar da bafa ta 4.0 da ta 7.0, sannan a auna cikakken haɗin bayan an zuba komai, ba bafar kaɗai ba. Abin da ake nema shi ne 6.0, da sassaucin 0.1 sama ko ƙasa. Takardar awon pH ba ta isa ba, ba ta iya raba 5.7 da 6.0, alhali wannan ɗan bambancin ya isa ya rina matasan ƙwayoyi. Idan ya haura zuwa 6.4 ko 6.5 kuma, tsofaffin ma sai su fito fari. In ana buƙatar gyara, a yi da ɗigon sitirik asid ko Na2HPO4 ɗin da aka riga aka haɗa.

Yana da kyau a ware mililita kaɗan a saukar da shi zuwa pH 4.0, a rina gurbi ɗaya na matasa da shi. Can kowace ƙwaya ya kamata ta yi shuɗi. Idan ba ta yi ba, X-gal ɗin ya mutu ko an kashe inzayim wajen kafewa, wato sandarar da ƙwayoyi da sinadari kafin rini, kuma an gano hakan ba tare da zargin samfurin ba.

Ruwan kafewa shi ma sabo: fomaldehaid kashi 2 da gulutaraldehaid kashi 0.2 a cikin PBS. Don mililita 10, a ɗauki 0.54 na fomalin mai ƙarfin kashi 37, da 0.08 na gulutaraldehaid mai ƙarfin kashi 25, a cike da PBS 9.38. A haɗa shi a akwatin zuƙe hayaki.

Rinin kansa

A zuƙe ruwan kiwo, a wanke kowane gurbi da PBS mililita 2 sau biyu. A zuba ta jikin bangon gurbin, kada a feshe ƙwayoyin kai tsaye.

A zuba ruwan kafewa mililita 1.5, a bari minti 3 zuwa 5 a zafin ɗaki. A sa agogo. Abin da ake aunawa aikin inzayim ne mai rai, kuma kafewa mai tsawo tana kashe shi. Wanda ya saba barin samfuri minti 20 ko 30 a fomalin don wasu gwaje-gwaje, a nan zai samu faranti fari fat. A ɗakin da ba na'urar sanyaya iska lokacin bazara, a tsaya a minti 3, don zafi yana hanzarta kafewar.

A zuƙe, a wanke da PBS sau biyu ko uku. Kada gurbin ya bushe tsakanin wanki da wanki.

A zuba ruwan rini mililita 2 a kowane gurbi. A rufe faranti, a zagaye bakinsa da Parafilm, a naɗe da takardar aluminiyam, a sa a digiri 37 a na'urar ɗumama marar iskar CO2. Wannan sharaɗin ba na ado ba ne. Inkubetar kiwon ƙwayoyi tana da CO2 kashi 5, wanda ke narkewa cikin ruwan rini ya ƙara masa tsami, pH ya sauka, faranti duka ya yi shuɗi. Na'urar ɗumama ta kiwon bakteriya ita ce daidai. Rufe bakin kuma don hana ƙafewa ne, domin ruwan da ya ragu gishirinsa yana ƙaruwa, ƙanƙara su fito, gefen gurbi ya fi tsakiya duhu.

Launi yakan fara bayyana cikin awa 2 zuwa 4, ya cika a awa 12 zuwa 16. A leƙa a awa 4, a sake leƙawa a awa 12. Ana tsayar da rinin ne lokacin da tsofaffin kwatance suka yi shuɗi sosai matasa kuma suna nan fari, kuma duk farantan gwaji ɗaya a tsayar da su lokaci guda. In aka bar shi awa 24 zuwa 48 don neman launi mai kyau a hoto, matasan ma za su bi sahu. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a haɗa na'urar da inbata ko a fara rinin da sassafe don a sa ido a kai. Idan zafin ya faɗi cikin dare aikin inzayim yana raguwa, kuma ba a iya kwatanta wannan farantin da na wani mako.

Daga nan a zuƙe rini, a wanke da PBS sau biyu, a rufe da gilisarol kashi 70, a ajiye a firij. Launin yana daɗewa.

Ƙirga

A duba da hasken madubi na yau da kullum, girma sau 100 ko 200. Shuɗin gaskiya yana taruwa ne a kewayen cibiyar ƙwaya, inda laisosom suka fi yawa, kuma ƙwayar takan kasance shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wani lokaci da cibiya biyu. A ƙirga aƙalla ƙwayoyi 200 zuwa 300 a kowane gurbi daga wurare daban-daban, a guji bakin gurbi da inda ƙwayoyi suka cunkushe. Don sanin jimillar ƙwayoyi, a ƙara rinin cibiya na DAPI in akwai madubi mai hasken fuloresens, domin fararen matasa suna da wuyar gani kuma ido yakan tsallake su, kason shuɗi ya hau ba gaira ba dalili.

Mai ƙirga kada ya san wane gurbi yake dubawa. Wani ya rufe sunayen ya sa lambobi. Raba shuɗi mai haske da fari hukuncin ido ne, kuma ido yana karkata ga abin da mai shi ke fata. A tsayar da mizani tun farko da hoton gurabun kwatance, a bi shi har ƙarshe. A gwaji mai kyau matasa ba sa wuce kashi kaɗan, tsofaffin da aka yi da doksorubisin kuma mafi yawansu shuɗi ne. Idan matasa suka kai kashi 20 ko 30, a koma kan pH, cunkoso da CO2 kafin a karanta komai daga samfurin. A maimaita gwajin sau uku da shuka daban-daban. Gurbi uku a faranti ɗaya maimaici ɗaya ne.

Hujjojin da dole su raka shuɗin

Babu alama guda da ta keɓanta ga tsohuwar ƙwaya, shi ya sa masana fannin suka daidaita kan haɗa alamomi da yawa. Mafi muhimmanci a nuna cewa ƙwayar ta daina rabuwa. A zuba EdU, sinadarin da ke shiga sabon DNA na ƙwaya mai shirin rabuwa, maikuromola 10 na awa 24 cikin ruwan kiwo mai cikakken siram, sannan a rina. Awa 24 ake so, ba awa 1 ko 2 ba, don mai jinkirin rabuwa ma ta samu damar ɗauka. Matasa mafi yawansu za su ɗauka, masu hutu za su ɗauka bayan an mayar musu da siram, tsofaffi kuwa ƙalilan ne.

Sai sunadaran da ke riƙe da birkin: p21 yana tashi da wuri bayan lalacewar DNA, p16 yana biyo baya a hankali ya zauna. A san irin ƙwayar da ake aiki da ita. Ƙwayoyin daji A549 da MCF-7 sun rasa ƙwayar gadon p16 gaba ɗaya, nemansa a cikinsu ɓata lokaci ne. HeLa da sauran ƙwayoyin dajin bakin mahaifa masu ɗauke da ƙwayar cutar HPV kuwa suna da p16 mai yawa alhali suna rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Raguwar sunadarin lamin B1 a fatar cibiya alama ce mai kyau da za a ƙara, haka ma ɗigon gamma-H2AX, alamar lalacewar DNA, da ya ƙi ɓacewa bayan kwanaki.

Wanda bincikensa ya shafi cuta, ya auna abin da ƙwayoyin ke fitarwa, don ta nan ne suke cutar da nama. A wanke su, a zuba ruwan kiwo marar siram na awa 24, a kwashe ruwan, a auna IL-6 da IL-8 ta hanyar gwajin ELISA, a raba sakamakon da adadin ƙwayoyin da ke gurbin. In ba a raba ba, gurbin matasa mai ƙwayoyi da yawa zai ɓoye bambancin.

Wannan tsantseni yana da dalili. Magungunan da ke kashe tsofaffin ƙwayoyi, irin haɗin dasatinib da kwasetin da rukunin James Kirkland ya bayyana a 2015, a faranti aka fara tace su. Gwajinsu na farko a jikin mutane a 2019 marasa lafiya 14 ne masu tabon huhu, ba tare da rukunin kwatance ba, kuma wani maganin da aka yi wa allurarsa a gwiwa mai amosani ya kasa nuna amfani a 2020. Tsofaffin ƙwayoyi suna taimakawa wajen warkewar rauni, an nuna haka a ɓeraye a 2014, saboda haka kashe su ba alheri ne zalla ba. Mai gwada wani tsiro ko sinadari ya ga shuɗi ya ragu, ya tambayi kansa ko tsofaffin ne suka mutu, ko sinadarin ya taɓa laisosom ne kawai ya dusashe launin. Ƙirga ƙwayoyin da suka rage a raye, tsofaffi da matasa gefe da gefe, shi ke amsa wannan.

Idan nama ne ba faranti ba

Naman da aka jiƙa a fomalin aka binne a kakin farafin ba ya karɓar wannan rinin, inzayim ɗin ya riga ya mutu. Dole sabon nama, a daskarar da shi nan take cikin OCT, ruwa mai kauri da ake daskarar da nama a ciki, a yanka da kaurin maikuromita 5 zuwa 10, a kafe shi gajeren lokaci, a rina ba tare da jinkiri ba, don aikin inzayim yana raguwa da daɗewa a firiza. A nama kuma akwai ƙwayoyin da ke yin shuɗi bisa ɗabi'arsu: makurofej, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye shara, da ƙwayoyi masu cin ƙashi, da wasu ƙwayoyin ƙoda da hanji masu yawan laisosom. A huhu ko kitse mai kumburi, babban kaso na shuɗin yana iya zama makurofej, saboda haka a rina yanka na kusa da alamar CD68 a jikin mutum ko F4/80 a ɓera, a cire su daga lissafi.

Ga tsofaffin samfuran farafin da ke ajiye a sashen nazarin nama na asibitocin koyarwa, hanyar da ta rage ita ce rinin lifofusin, dattin da ke taruwa a laisosom ɗin tsohuwar ƙwaya, da Sudan Black B ko GL13 da aka ƙera daga gare shi. A haɗa shi da p16 ko p21, da Ki-67, alamar rabuwa, wanda rashinsa ke nuna cewa ƙwayar ba ta rabuwa. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya suna tara lifofusin da shekaru ko ba su shiga wannan hali ba, saboda haka a waɗannan gaɓoɓin sai alamomin uku sun haɗu a ƙwaya ɗaya kafin a sa ta cikin ƙirga.